Motar Ɗaukar Amarya

Sabon Gari, Wudil
14 ga Oktoba, 2025

Zuwa ga 'yata Sakina,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya, ke da maigidanki Malam Mudassir da yara. Yaya nauyin jiki? Allah ya raba ku lafiya. Yaya mutanen Jalingo da maƙwabtanki?

Na ƙi faɗa miki wannan magana a waya ne don na san halinki, kuka kike sawa kafin mutum ya kai ƙarshen zance. Ki karanta a zaune. Ina raye, ƙafata ce ta karye, an kuma ɗora ta.

Kin san yayanki Maikano ya daɗe yana son ya yi mota kafin bikinsa da Suwaiba. Kin kuma san sana'ar uban yarinyar, Alhaji Labaran, mai filin sayar da motoci a tsallaken gada. To wurinsa ya je. Na ce masa ya tafi da Haladu bakanike ya duba masa, ya ce to. Ashe da ya isa ya ga surukin nasa zaune a kan kujera, sai ya sallami Haladu tun daga bakin titi. Wai kunya. Wai ta yaya zai sa a shiga ƙarƙashin motar uban matarsa, kamar yana zarginsa. Takalmi ya cire ya durƙusa, aka nuna masa wata fara da yatsa, ya ce ta yi. Ko murfin inji bai ɗaga ba. Mutum da digirinsa, yana aiki a jami'a, ya sayi mota da kai a sunkuye.

Ni na koya muku kunyar manya, ban musa ba. Amma ban taɓa ce muku ku rufe ido a wurin ciniki ba.

Ranar Asabar ya ɗauke ni mu je gaisuwar mutuwa a Utai. A dawowa, muna gangarowa wajen kogi, na ga yana taka birki yana salati, motar kuwa ba ta san yana yi ba. Ga tifa a gabanmu ɗauke da yashi. Allah ya ba shi dabara ya karya kan motar muka afka cikin tarin yashin da ake tarawa a gefe. Shi goshinsa ne ya fashe. Ni ƙafar hagu.

Daga baya Haladu ya shiga ƙarƙashin motar ya fito yana girgiza kai. Ya ce ta taɓa kwana a cikin ruwa, tsatsa ta cinye cikinta, sai aka bi da baƙin fenti aka lulluɓe. In an gyara wannan wuri, gobe wancan zai fashe. Ya ce duk wanda ya sa aka shafa fentin nan ya san abin da yake rufewa.

Yayanki ya ce mu ɗauka ƙaddara ce, kada mu tayar da magana biki saura wata biyu. Ƙaddara ce na karye, na yarda. Fentin kuwa hannun mutum ne ya shafa shi.

Ki gaida Malam Mudassir. Ki riƙa yi wa yara addu'ar barci, kada ki bar su da talabijin.

Mahaifiyarki,
Lami Sha'aibu

*

Sabon Gari, Wudil
20 ga Nuwamba, 2025

Zuwa ga 'yata Sakina,

Assalamu alaikum. Ina fata kuna lafiya baki ɗaya. Yaya jikin naki, ƙafafun sun daina kumburi? Man zafin da kika aiko ya iso, Allah ya yi miki albarka. Ina takawa yanzu da sanda.

Na ji roƙon da kika yi ta yi a waya cewa in bar maganar. Na kuma gane yayanki ne ya sa ki. Ki ji abin da ya faru tukuna.

Na je filin motocin da kaina, a adaidaita, da kawunku Halliru. Alhaji Labaran ya tarbe ni kamar gaske. Ya sa aka kawo kujera da lemo mai sanyi, yana ta Hajiya sannu, Hajiya Allah ya kiyaye gaba. Na ce masa ba kuɗi na zo nema ba, ba wata motar ba. So nake ya faɗa da bakinsa cewa ya san halin da take ciki ya sayar wa yaron da zai ba 'yarsa. Sai ya yi dariya, ya waiwayi dillalan da ke zaune a benci, ya ce yaran yanzu ba su iya tuƙi ba, sai su zuba mutum a rami su ce laifin mota ne. Ya ce ciniki an sallama, an shafa fatiha. Ya ce motar nan lafiyarta ƙalau, ko iyalinsa zai zuba a ciki ya kwanta ya yi barci. Dillalan suka taya shi dariya. Ɗaya har yana cewa Hajiya ta zo koya wa Alhaji mota.

Ban sha lemonsa ba. Na miƙe da sandata na ce na gode.

Sakina, mahaifinku ya yi shekaru yana auna hatsi a kasuwar garin nan, har ya koma ga Allah ba wanda ya taɓa dawo masa da kwano ya ce bai cika ba. Da wannan na rene ku. Yanzu a ce in haɗa jikoki da mutumin da zai kalli karyayyar ƙafata ya yi dariya, in kuma yi shiru don kada biki ya lalace? Wanda ya yi algus aka rufa masa asiri, gobe wata uwar zai karya, watakila ita ba za ta tashi ba.

Ga abin da na yanke. Dangin ango ne ke aika motar ɗaukar amarya, kuma angon da yake da mota, tasa ake yi wa ado. Na sa Haladu ya miƙe mata gaba ya wanke ta. Makullin yana wurina. A cikinta za a ɗauko Suwaiba, a haye gada da ita. Ai ubanta ya ce lafiyarta ƙalau, a gaban shaidu.

Yayanki ya zo ya durƙusa, ya ce abokinsa zai ara masa mota. Na ce masa in amaryarsa ta shigo gidan nan a wata motar, to ta shigo ba da albarkata ba. Ya tashi ya fita. Tun ranar daga bakin ƙofa yake gaishe ni.

Ban yi a ɓoye ba. Na aiki kawunku ya shaida wa Alhaji Labaran. Washegari sai ga saƙo, wai zai bayar da babbar motarsa gudummawa a ɗauki amarya. Na ce a yi masa godiya, ba mu rasa mota ba, ai shi ya sayar mana. Magana ɗaya nake jira daga bakinsa. Yana da sauran makonni.

Kada ki sake kirana a kan wannan. Ki kula da cikinki. Ki gaida maigidan da yara.

Mahaifiyarki,
Lami Sha'aibu

*

Sabon Gari, Wudil
22 ga Disamba, 2025

Zuwa ga 'yata Sakina,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Barka da arziki, barka da sauka lafiya. Allah ya raya Jamil, ya sa mahaddaci ne. Yaya jego? Ki daure da ruwan zafi, kada ki bi 'yan zamani masu cewa ba amfani. Na aiko da kanwa da yaji ta hannun direban da zai kawo miki wannan takarda.

Na san labarin bikin ya iso miki ta bakuna da yawa. Ga nawa.

Har aka ɗaura aure Alhaji Labaran bai ce komai ba. Ina jin ya ɗauka barazanar tsohuwa ce. Da la'asar sakaliya aka jera motoci, farar tana gaba, an ɗaura mata kyallaye da furannin roba, Haladu a kan sitiyari. Kin san uwar ango ba ta zuwa ɗaukar amarya. Na je. Gwaggonninku suka riƙe mayafina suna cewa abin kunya ne, na ce su sake ni. Na shiga baya na zauna, sandata a kan cinya. Haladu ya ja ta a hankali kamar mai rakiyar gawa har muka haye.

Ƙofar gidan Alhaji Labaran cike take. Abokan sana'arsa, masu sayen motocinsa, limamin unguwa, duk suna kan tabarmi. Da ya hango motar, ya kuma hango ni a ciki, sai na ga ya gyara hularsa ba dalili.

Aka fito da yarinyar a lulluɓe, mata na guɗa. Ina kallonsa ta gilashi. Aka kawo ta bakin mota, bai yi magana ba. Aka zaunar da ita kusa da ni, bai yi magana ba. Hannunta ya taɓa nawa, sanyi ƙalau. Ashe ta san komai. Aka rufe ƙofa. Yana tsaye yana murza carbi yana kallon mutanensa. Sai da Haladu ya tayar da inji sannan ya taho da gudu, babbar riga na harɗe shi, ya dafa kan motar da hannu biyu yana ihu a fito masa da 'yarsa.

Liman ya tambaye shi lafiya. Ya ce babu komai, tasa motar ta fi faɗi. Na sauke gilashi na ce wannan ma ta ishe mu, Haladu mu tafi. A nan ne ya faɗa. Ya ce ba ta da birki, cikinta ruɓaɓɓe ne, ta ruwa ce. Liman ya ce yaushe ka sani, Alhaji? Wurin ya yi tsit, har masu guɗar. Dillalin nan da ya ce na zo koya wa Alhaji mota yana wurin, na neme shi da ido har na same shi.

A motar abokin yayanki aka kawo amarya, da albarkata. Ita kuwa farar na ce a bar masa ita a ƙofar gida da adonta. Bayan kwana biyu ya aiko da wata, Haladu ya wuni a ƙarƙashinta kafin in yarda a karɓa. An ce yanzu duk mai shiga filinsa da bakanike yake shiga, wasu ma daga titi suke juyawa. Ban ji tausayinsa ba ko kaɗan, kada ki tambaye ni.

Yayanki bai yi mini magana ba tun ranar, ban da gaisuwa. Suwaiba yarinya ce mai ladabi, kullum ita ke kawo mini abinci. Jiya ta ajiye kwano ta ƙi tashi. Ta tambaye ni, muryarta can ƙasa, da babanta bai yi magana ba, da na bari an tafi da ita? Na ce mata wannan tambaya ba ni za ta yi wa ba. Ta je ta tambayi wanda ya tsaya har aka rufe ƙofa aka tayar da inji. Ta fita tana share ido.

Ke kaɗai zan faɗa wa. Tun a gida na sa Haladu ya rantse cewa in yarinyar ta shiga, taya ba za ta motsa ba ko da ni na ce ya ja. Ni uwa ce, ba zan sa 'yar mutane a bakin kogi ba. Na san in na faɗa wa yayanki haka, gobe zai shigo ɗakina ya zauna kamar da. Amma shi zai faɗa wa matarsa, ita kuma ta faɗa wa ubanta, Alhaji Labaran ya samu abin faɗa a majalisa, wai wasa aka yi masa ya tsorata a banza. Ba zan ba shi wannan ba. So nake duk sanda ya ga 'yarsa ya tuna da kansa a tsaye yana lissafin mutuncinsa, tana zaune a cikin abin da ya shafa wa fenti.

Yayanki ya ci gaba da gaishe ni daga bakin ƙofa. Zan iya ɗauka. In kuwa maganar nan ta fito, na san daga inda ta fito, kuma ban yafe ba.

Ki shafa mini kan Jamil. Ki gaida Malam Mudassir da yara. Allah ya yi muku albarka.

Mahaifiyarki,
Lami Sha'aibu