Tukunyar Sabulun Gwaggo

Gazawa, ran Talata

Maigida,

Gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da abokan aikinka a Agadas. Mu nan lafiya lau.

Gwaggonka da ta raine ka ta ce in faɗa maka sabulunmu ya karɓu. Tun da Malam Ishaku mai amya ya fara ba mu kakin zuma muna narkawa cikin man gyaɗa, sabulun ya daina jiƙewa, yana yin tauri da ƙamshi. Matan Cadawa har gida suke biyo mu. Ita ke tsayawa kan tukunya, ni in zuba a kwano in yanka. Na hana ta ɗaukar ruwan soda don hannunta na rawa, ta ce tun ba a haife ni ba take wannan aiki.

Taka,
Safina

Maraɗi, ran Lahadi

Maigida,

Ina gaishe ka, ina fatan kana lafiya. Daga asibiti nake rubuto maka.

Ran Alhamis na fita ɗebo ruwa, na bar Gwaggo tana narka kaki. Shi kaki sai man ya yi zafi sosai yake narkewa, ita kuma ba ta jira ya huce ba ta juye soda. Tukunyar ta tafaso ta watso mata a fuska. Na tarar da ita durƙushe, tana laluben randa. Na yi ta kwarara mata ruwa har Ishaku ya samo mota.

Jiya likita ya kwance ƙyallen. Ya ce fatar za ta warke, idanun kuwa duka biyu sun tafi.

Ba ta yi kuka ba. Ta hana in sanar da kai, wai kada ka bar aiki saboda tsohuwa. Amma da safen nan wani ya yi sallama a ƙofar ɗakin, muryarsa kamar taka. Ta yunƙura ta zauna, ta gyara kallabinta, ta miƙa hannu. Da na ce mata mai shara ne, sai ta ce, "To, ai na sani," ta koma ta kwanta.

Don Allah ka taho.

Taka,
Safina