Mata da Cokula a Unguwar Jalo

Unguwar Jalo, ta Garo,
Agusta, 2001.

Zuwa ga maigidana, Baban Linda,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangijinmu. Ina fata kana lafiya, kai da Linda da Martins. Yaya ƙafar Mama, ta yi sauƙi? Yaya damina a Zonkwa? Ni lafiyata ƙalau, sai kewarku.

Saƙonka ya iso, kuma na fahimci tsoronka. Tun da aka ƙaddamar da Shari'a kowa a gida yake cewa in tattara in dawo, har na yi niyyar tahowa ƙarshen watan nan. To, yanzu ba zai yiwu ba. Amai da gudawa ya ɓarke a garin nan, ruwa kuma ya tafi da kwalbatin da ya haɗa mu da titi, mota ba ta shigowa. Ni kaɗai ce a asibitin. Ledojin ƙarin ruwa kuwa, ka san yadda tsuke bakin aljihu ya mai da mu, 'yan kaɗan ne, sun ƙare tun ba a je ko'ina ba. Jiya wata yarinya ta cika a gabana, idanunta sun faɗa ciki, ina riƙe da allura ba ni da abin da zan jona mata.

Wani ɗan kasuwa zai tsallaka rafin da ƙafa, shi zan ba takardar nan. Ku sa mu a addu'a. Kada ka faɗa wa Mama tukuna.

Matarka,
Hanna.


Baban Linda,

Ina sake gaishe ka, da fatan yara suna lafiya. Ban san ta inda zan fara ba, don abin da idona ya gani a kwanakin nan ya fi ƙarfin bakina.

Da na ga mutane suna ta faɗuwa, sai na ɗaure na je zauren Liman, Malam Datti. Ka san ban taɓa yin magana da shi ba sai gaisuwa daga nesa. Na durƙusa na ce masa cutar nan ruwan jiki take zuƙewa. In kowane majinyaci zai sami mutum guda a gefensa yana ɗura masa tafasasshen ruwa mai gishiri da sukari, cokali bayan cokali, ba tsayawa, yawancinsu za su tashi. Amma hannuna biyu ne, maza suna haƙa da ɗiban ruwa, matan kuma suna cikin gidaje. Sai ya sa aka kawo kwano na auna gishiri da sukarin a gabansa, ya ɗanɗana.

Bayan sallar azahar ya yi wa maza magana a masallaci. Ban ji abin da ya ce ba. Abin da na gani shi ne, kafin la'asar ƙofofin gidaje suka fara buɗewa. Matan da ban taɓa ganin fuskarsu ba sai ranar haihuwa, ga su nan a hanya cikin mayafai, wata da tukunya a ka, wata da itace, kowacce da cokalinta. Matar Liman, Fiddausi, ita ce a gaba. Nata'ala mai kanti ya sa aka kinkimo buhun sukari aka ajiye a ƙofar makarantar Islamiyya, wadda muka mayar ɗakin jinya.

Da ka shiga ɗakin nan da ka cire takalmi. Tabarmi a jere, kowace da mace zaune a gefe, ba ka jin komai sai ƙarar cokali a bakin kwano da salati ƙasa-ƙasa. Aka kawo wani makiyayi daga daji, Hammadu, ba wanda ya san shi. Na lalubi bugun jininsa ban ji ba, a raina na riga na sallama shi. Wata tsohuwa, Inna Sa'a, wadda ko gani sosai ba ta yi, ta ja kansa ta ɗora a cinyarta. Ta ɗiga masa, ya amayar, ta ɗan jira, ta sake. Haka ta wuni. Da yamma ina wanke hannu na ji wata murya tana tambaya ko an shayar da shanu. Na juya, shi ne.

Baban Linda, na karanta wannan a makaranta, na sha koya wa mata shi ranar awo. Amma ban taɓa ganin mutum ya dawo daga bakin kabari a kan cokali ba. Na fita bayan ɗakin na tsaya ni kaɗai.

A shafa mini kan Martins.

Taka,
Hanna.


Unguwar Jalo,
Satumba, 2001.

Maigidana,

Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ku duka, ina sanar da kai cutar ta lafa. Samari sun jera itatuwa da buhunan yashi a rafin, mota ta shigo da ledojin ruwa da magani. Ta tarar da mafi yawan tabarmin an naɗe.

Amma mun rasa mutane, kuma Fiddausi tana cikinsu. Ita ce kan murhu tun daga farko, ga ta da tsohon ciki, na yi na yi ta huta ta ƙi. Da cutar ta kama ta ba ta ba mu lokaci ba. Malam Datti ya sallace ta da hantsi, aka kai ta. Na zaci ba zan sake ganinsa ba sai bayan zaman makoki. Da rana sai ga shi da jarkar ruwa a kafaɗa, rigarsa da jar ƙasar maƙabarta. Na kasa ɗaga ido, don ni na je zaurensa na roƙi a fito da matan. Shi ya fara gaishe ni, ya yi mini sannu da aiki, ya juye ruwan a randa ya koma ɗebo wani.

Ranar Lahadi da safe na fito zan duba sauran majinyata, sai na tarar da amalanken shanu a ƙofar asibiti, an shimfiɗa tabarma a ciki, Liman yana tsaye a gefe. Ya ce ya lura tun da abin nan ya faro ban je majami'a ba, Inna Sa'a da mata za su riƙe marasa lafiya har in dawo. Na fara kawo uzuri, ya katse ni.

"Malama, mu mun yi tamu ranar Juma'a. Ki je ki yi taki, ki sa garin nan a ciki."

Amalanken ya kai ni titi, na hau mota zuwa Gwarzo. Na shiga majami'a, aka ta da waƙa. Da fasto ya tambayi mai roƙon addu'a, na miƙe na fara kiran sunayen waɗanda muka binne, ɗaya bayan ɗaya. Jama'a suka zuba mini ido, don ba irin sunayen da aka saba ji a wurin ba ne. Da na kai kan Fiddausi, sai wata dattijuwa a bayana ta ce amin da ƙarfi, sauran suka amsa.

Zan zo Kirsimeti in Allah ya yarda, mu zauna mu yi shawara ido da ido. Amma kada ka nema mini canjin wurin aiki tukuna. Akwai masu ciki a garin nan da na yi wa alkawarin karɓar haihuwarsu.

Ka gaishe da Mama, yanzu kana iya ba ta labari.

Matarka mai ƙaunarka,
Hanna.