Zanen Hannun Yakubu

Makka, unguwar Mansur

Yaya Asabe,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da kyau. Yaya jikin Inna, yaya maigidan da yara? Mu nan lafiya lau, sai kewarku.

Wani alhaji daga Bur Sudan ya kawo mini labarin rasuwar Yakubu, Bayahuden telan nan da muka yi wa guga a can muna jiran jirgin ruwa. Kin tuna ranar da ya naɗe hannun riga, na ga shuɗin zane, na ce, "Malam, tsagar garinku ce?" Kika mintsine ni. Ya ce, "A'a, 'yata. Lamba ce, ta waɗanda suka ƙarar da garin."

Ranar ya ba mu labarin ƙauyensu a Turai, inda ƙanƙara take sauka kamar auduga, uwarsa tana kitsa burodi kamar gashi. Sojoji suka lode su a taragon shanu zuwa sansanin da aka zana masa lambar, shi kaɗai ya dawo.

Jiya bayan azahar barci ya ɗauke ni, sai ga ni a ƙauyen. Auduga tana sauka, wata tsohuwa tana kitsa burodi a bakin ƙofa, Yakubu yaro yana guje-guje, hannunsa fes. Na farka ina shafa tsagar kumatuna. Tamu wanzami ya yi, don in mun ɓata a san gidan da za a mai da mu. Tasa fa, Yaya, ina za ta mai da shi?

Ki gaida kowa, a sa mu a addu'a. Ki shafa mini kumatun Inna.

Ƙanwarki,
Hauwa