Kyamarar Ƙofar Gidan Malam Hadi

Ƙofar Marusa, Katsina
Afrilu, 2016

Zuwa ga ƙanwata Halimatussa'adiya,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya, da maigidanki da yara. Ya aikin asibiti, ya ruwan Fatakwal? Mu nan sai godiyar Allah. Matata Mero na gaishe ki.

Na ba Sule direba wannan takarda ne saboda Baba na jin duk abin da nake faɗa a waya, kuma ba na son ya ji ana maganarsa kamar ba ya nan.

Mantuwarsa ta ƙaru. Kin san tun shekarar da soja suka miƙa mulki ya bar koyarwa, amma yanzu da hantsi, bayan na tafi ofis, sai ya sa babbar riga ya ce ya makara, yara na jiransa a aji. Mero na can wajen girki, sai ta leƙo zaure ta tarar ba kowa. Yana dawowa kafin azahar, amma ba mu san inda yake zuwa ba, shi ma bai sani ba. Sau ɗaya na kulle ƙofa. Ya zauna a bayanta yana hawaye. Ba zan sake ba.

Shawarar kyamara da kika kawo, na je shagon wani Mubarak kusa da Babbar Kasuwa. Iri biyu ya nuna mini. Akwai mai ido huɗu, da wayoyi da akwatin adana hoto, a sa a zaure da tsakar gida da bayan gida, amma in an ɗauke wuta ta makance. Akwai kuma mai ido ɗaya, tana aiki da sola, tana aika hoto cikin wayar hannu. Ya gwada mini, na ga ƙofar shagonsa a tafin hannuna, har da kazar da ke wucewa. Na daɗe ina kallo, Allah mai iko.

Sai dai Mero ta ce ba za a sa mata ido a tsakar gida ba, inda take zama ba mayafi. Ban ga laifinta ba. Me kika gani?

Yayanki,
Lawwali

Fatakwal

Yaya Lawwali,

Wa alaikumus salam. Na gaishe ku duka, a shafa mini kan yara, su Ummi.

Yaya, kai dai da jan ƙafa! Ni da so samu ne a sa huɗun, har da ta biyar a ɗakinsa. A wajen aikina na ga tsofaffi irin Baba da aka kawo daga bakin titi, ba wanda ya san sunansu.

Amma Anti Mero ta fi ni gaskiya, ita ke zaune a gidan. A ɗauki mai ido ɗayan. A kafa ta saman ƙofar zaure, ta kalli lungu, mu san lokacin fitarsa da ɓangaren da ya nufa. Ka ce wa Mubarak ya haɗa da wayata. Shin da gaske daga nan zan iya ganin ƙofar gidanmu? Rabona da fuskar Baba tun babbar sallah.

Kada ka bari sai wata ya ƙare, na san halinka.

Ƙanwarka,
Sadiya

Ƙofar Marusa, Katsina
Mayu, 2016

Zuwa ga Halimatussa'adiya,

Assalamu alaikum. Gaisuwa da fatan alheri gare ku baki ɗaya. An kafa kyamara. Lambobin da za ki sa a wayarki suna bayan takardar nan. Amma ki fara karanta wannan.

Ranar farko ina ofis na ga Baba ya fita ya yi hagu. Kafin in tashi neman izini aiki ya riƙe ni, da na sake dubawa sai ga shi yana dawowa, Garba ɗan acaba na gefensa. Ba a kan babur ba. Garba ya kashe babur yana tura shi da hannu a cikin ranar nan, yana tafiya daidai da takun Baba. Ya kawo shi ƙofa, ya jira ya shige, sannan ya tayar.

Washegari Jummai mai ƙosai ce, da tire a kai, tana biye da shi kamar hanyarsu ce ta zo ɗaya. Wata rana wani mai gyaran takalmi da ban ma san sunansa ba. Ranar Laraba kuwa, Sadiya, Alhaji Babaji na gani, mai shagunan atamfa a kasuwa, wanda mutane ke layi don su gan shi. Ya riƙe wa Baba lema har ƙofa, ya durƙusa a ƙasa da farar shaddarsa ya yi sallama. Na mayar da hoton baya na sake kallo.

Da yamma na samu Garba a inda 'yan acaba suke tsayawa. Na ce, "Garba, tun yaushe kuke wannan?"

Ya sosa ƙeya. Ya ce, "Ai an daɗe, Yallaɓai. Malam makaranta yaka tahiya. In ya kai bakin titi, duk wanda ya gan shi sai ya ce, Malam, an tashi, yau ba karatu. Sai ya ce to, a rako shi."

Na ce, "Kai ma ya koyar da kai ne?"

Ya ce, "A'a, ni daga ƙauye na zo. Na dai tarar ana yi."

Na ce, "To me ya sa ba wanda ya gaya mana?"

Ya ce, "Tsoro muka ji kar ku kulle shi."

Sadiya, a unguwar nan aka haife ni, ina gaisawa da mutanen nan kullum, ban san su ba sai da na sa ido a saman ƙofa. Mero da ta gani sai da ta yi kuka. Mubarak ya ce in ina so ya ƙara wata a bakin lungu. Na ce ya bari tukuna.

Allah ya bar mu da su.

Yayanki,
Lawwali

Fatakwal

Yaya,

Salam. Na gan shi.

Yau da hantsi ya fito. Anti Mero ta biyo shi zaure, ta nuna masa saman ƙofa, ina tsammanin ta ce masa ina kallonsa. Ya ɗaga kai. Ya gyara hula. Sai ya fara magana, ya daɗe, yana ɗaga ɗan yatsa, har da murmushi. Ni ina tsaye a barandar asibiti, garin Katsina a hannuna, amma ba sauti. Ban ji ko kalma ɗaya ba.

Kada ka tambaye shi abin da ya ce, na san ya manta. Na nemi hutu. A share mini ɗakin Inna.

Sadiya