Baba, Me Ya Sa Ka Ɓoye Mini Ƙafarka?

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Gaisuwa mai yawa cikin ladabi, tare da fatan Allah Ya sa kana cikin ni'ima a makwancinka.

Bayan haka, Baba, fushi nake da kai. Wata biyar ke nan da rasuwarka. Ranar da za a fita da kai aka shigo cikin gida aka ce kowa ya yafe maka, na ce na yafe. Bakina ne ya faɗa, zuciyata ba ta bi shi ba.

Ka tuna 'yar aloberar nan, tsiron mai kaurin ganye da ake magani da ruwansa, da na kawo maka shekarar da ka yi ritaya? Wata abokiyar aikina a asibiti ce ta ciro mini daga gindin tata, tsawonta bai wuce ɗan yatsa ba. Ka yi ta dariya, ka ce shekara talatin kana malamin gona kana koya wa mutanen Kwadon shukar masara, yau ga 'yarka ta kawo maka gona a gwangwanin madara.

Amma kai ne ka nemo mata tukunya, ka huda gindin da ƙusa, ka cakuɗa yashi da ƙasa da ɗan busasshen taki. Ka ɗora ta a tagar ɗakinka ta gabas, inda rana ke taɓa ta da hantsi kawai. Ka hana Inna zuba mata ruwa. Sai ka tura yatsa cikin ƙasar ka ji ta bushe ƙarau, kana ka ba ta rabin kofi. Kana yawan cewa, "Tsiro ba ya ɓoye ciwonsa, mai shi ne ke makara wajen dubawa."

Kai ne mai wannan maganar, Baba. Kai!

A bazarar bana na zo gida Nasarawo wata Asabar na tarar an yanke wa aloberar ganye uku. Na tambaye ka, ka ce maƙwabta ne ke roƙa saboda ƙuna. Bayan mako biyu saura ganye huɗu a jikinta. Ranar na lura kana sanye da safa, a zafin Gombe na watan Maris, lokacin da ko ƙadangare neman inuwa yake. Ka ce sanyin siminti ne ke damunka. Ka kalli idona ka faɗi haka.

Shekara goma sha ɗaya ina aikin jinya. Ƙafafun masu ciwon suga nawa na wanke da hannuna? Ni ce ke tsira maka allura a yatsa ina auna sugan jininka, ni ce ke kawo maka ƙwayoyinka. Amma ban iya cewa mahaifina ya cire safa in gani ba, saboda kunya. Ka san ba zan iya ba, kuma da wannan ka dogara. Abin da ya fi ƙona mini rai ke nan.

Da Inna ta kira ni ta ce zazzaɓi ya hana ka tashi, na hau keken haya ko mayafin kirki ban ɗauka ba. Tun daga ƙofar ɗaki na ji warin, duk da turaren wutar da aka cika ɗakin da shi. Na san warin nan, kullum da shi nake wuni a wurin aiki. Na durƙusa na zare safar kana janye ƙafa. A ƙarƙashin gado ga reza, ga tsummoki, ga ɓawon ganyen da ka matse. Wata biyu cur da ƙaya ta soke ka a gona, kana shafa ruwan ganye kana ɗaurewa, 'yarka kuwa tana zuwa tana gaishe ka tana tafiya.

Likitoci suka ce sai an yanke ƙafar. Ka ƙi. Kwana huɗu muna roƙonka, ni da Hamma Sale, babban ɗanka, har ya yi kuka a gabanka. Ka ce ka ga yadda amininka na Kagarawal ya koma bayan an yanke tasa, sai an ɗauke shi an ajiye a ƙofar gida. Ka ce, "Uwata, ba na so in zama kaya." Ranar da ka yarda, ciwon ya riga ya shiga jini.

Kaya, Baba? Shekara uku ka yi kana ɗaukar Goggo mahaifiyarka daga gado zuwa tabarma, ban taɓa jin ka kira ta kaya ba. Ka kwashi ladanka a wurin taka uwar, mu ka hana mu namu. Wa ya ce maka ƙafarka muke so? Da ka zauna a ƙofar gidan nan da ƙafa ɗaya, da ni zan riƙa tura ka masallaci a keken guragu in tsaya a waje in jira ka.

Ranar sadakar uku na ɗauki tukunyar na maka ta da katanga. Bayan mako uku Inna ta tsinto tsiron a bayan ɗaki, saiwa a waje, ya yanƙwane amma da ransa. Ta kawo mini har gida, kuma a ranar ta gaya mini ta sani tun farko, kai ka sa ta yi alkawarin ba za ta faɗa ba. Wata guda na yi gaisuwa kaɗai ke haɗa mu. Dubi abin da ka bari tsakanina da uwata. Mun shirya yanzu, da ƙyar.

Aloberar tana tagata. Na sake mata tukunya, na sa yashi kamar yadda kake yi. Ta fitar da sababbin ganye, har da 'ya'ya biyu a gindi. Ba laifinta ba ne, na sani. Duk sanda na tura yatsa cikin ƙasar sai in ga hannunka, da tabon lauje a babban yatsa, sai in rasa ko faɗa zan yi ko kuka. Ina kewarka, Baba. Babu wanda ya sake kira na Uwata.

A asibiti yanzu sun sa mini suna mai faɗa. Duk dattijon da ya zo da ciwon suga sai ya cire takalmi da safa, ko sarkin garinsu ne. Jiya wani tsoho ya ce mini, "'Yar nan, ba ki da kunya." Na ce masa a da ina da ita, ita ta ci mini uba. Sai ya cire. Akwai gyambo a diddigensa, ƙarami, wanda zai warke.

Allah Ya gafarta maka, Ya sa ciwon da ka sha kai kaɗai ya zama kaffara. Allah Ya yalwata kabarinka, Ya haɗa ka da Goggo a Aljanna. Ni kuma Ya sanyaya mini zuciya, har yafiyar da na furta ta zama gaskiya.

Taka har kullum,
Uwarka, Hajara