Kwarin da Ban Taɓa Gani Ba

Sansaninmu a Mozambik, Nuwamba 1976

Zuwa ga mahaifiyata,

Bayan gaisuwa mai yawa, yaya ƙafar Baba? Yaya Kaka Mandinema da ƙannena? Ni ce Sekesai, ina nan da raina. Ki yafe min barin makaranta da tsallaka iyaka ba sallama.

Kada ki damu, muna cin tuwon masara kullum, sau ɗaya dai. Na ɗan rame, amma ba sosai ba. Aikina wanke raunukan mayaƙanmu, yanzu na saba. Garikai ɗan Kawu ya ɗauki bindiga ya koma ƙasarmu yaƙi tun watan jiya, har yau shiru. Kada mahaifiyarsa ta ji. In sojojin gwamnati sun tambayi inda nake, ki ce na yi aure a Bulawayo.

Da rana in na zauna a inuwa, sai in riƙa gani a zuciyata kwarin da Turawa suka kori danginmu daga ciki kafin a haife ni. Jar ƙasa, shanu har bakin kogi, masara ta fi mutum tsawo. Jiya Tarisai, abokiyar aikina, ta zungure ni ta ce, "Ke manomiya, dawo! Kullum kina girbi, mu ko goyon masara ɗaya ba mu gani ba!"

Mama, ki tambayi Kaka tun tana iya tunawa, a wane gefen kogin aka binne mijinta. Ranar da muka koma, ba na so in tsaya tambayar Bature.

Allah Ya tsare min ku.

'Yarki,
Sekesai