An Ware Mini Kofi a Gidana

Malama, don Allah ki taimake ni da shawara, abin nan ya tsaya mini a rai kuma ba ni da wanda zan faɗa wa a gida.

Ni tela ne, girma ya fara kama ni. Tun bara ƙirjina ke ɗaurewa in na hau matakalar shago, sai na dafa bango na huta. A asibiti aka ce akwai likitocin da ke bincike kan wata hanyar ɗaukar hoton zuciya, suka sa ni cikin waɗanda za a duba. Aka ɗora ni kan na'urar tafiya har na yi haki, aka yi mini allurar wani ruwa mai ɗan sinadarin nukiliya, sannan na kwanta hannuwa sama, wata na'ura tana zagaya ƙirjina. Da zan fita, ma'aikaciyar ta ce kada in rungumi yara ko in zauna dab da mai ciki sai washegari. Ɗana yana tsaye. Kalmar nukiliya ya ji, daga nan kunnensa ya toshe.

Yanzu ana neman wata guda ke nan da yin hoton. An ware mini kofi, har an ɗaura masa jan zare, kuma daga cikin zarena aka yanko! Kayana daban ake wankewa. Matar ɗana tana da juna biyu, ina shigowa falo sai ta tuna ta bar abu a wuta. Duk wannan zan iya haɗiyewa. Amma jikata, wadda nake tsokana da amaryata, da ta saba hayewa cinyata tana sace mini maɓallai, yanzu daga bakin ƙofa take ɗago mini hannu. An ce mata Kaka yana da wuta a jiki.

Hoton biyu ne, akwai na hutawa da za a kwatanta da na farko. An kira ni daga asibitin, an sake kira, na ce mura nake. In aka ƙara mini wata allurar, yaushe za a bar yarinyar nan ta taɓa ni? Ciwon kuwa yanzu ko ina zaune a kan keken ɗinki yana kama ni. Ina tsoron mutuwa, amma na fi tsoron in tafi tana gudu na.

Kakan Amarya

Baba, wasiƙarka ta sosa mini rai, amma bari in fara da faɗa. Ciwon ƙirjin da ke zuwa mutum yana zaune ba a yi masa uzurin mura. Ka koma asibiti yau, ka gaya musu ciwon ya sauya.

Ni ba likita ba ce, amma abin da aka sani shi ne wannan sinadari kaɗan ake sawa, ƙarfinsa yana raguwa da kansa, jiki kuma yana fitar da shi cikin ɗan lokaci. Shi ya sa aka ce maka sai washegari. Ba ya maƙalewa a kofi.

Su ma kada ka ɗauke su maƙiya. Mai ciki tana tsoron har inuwarta, ɗanka kuma yana ganin kare iyalinsa yake yi. Sun yi kuskure, sun kuma ƙona maka rai, sai dai shirun da ka yi ya sa suna zaton ka yarda. Ka zaunar da ɗanka ka faɗa masa abin da ka faɗa mini. Ku tafi asibitin tare da shi da matarsa, su ji daga bakin wanda ya yi allurar, su tambayi duk abin da ke cin su.

In an yi hoton na biyu, ka kiyaye lokacin da aka gindaya maka tsaf. Da ya cika, ka miƙa wa amaryarka kofin nan ta kwance jan zaren da hannunta. Tana buƙatar angon da zai daɗe, Baba. Allah Ya ba ka lafiya, Ya sauki surukarka lafiya, Ya mayar maka da ɓarauniyar maɓallanka kan cinya.